Takardar Koke Zuwa Ga Mai Girma Hakimin Dawakin Kudu Kan Yanka Gonaki da Mutuwar Cikin Gari

Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa da ban girma.

Mu ne manoma, makiyaya, 'yan kasuwa da matasan wannan ƙasa. Mun kawo kukanmu gabanka saboda birnin Kano ya taso mana ta hanyar Zariya, kuma gonakinmu ne ke biyan kuɗin wannan bunƙasa. Daga Tamburawa zuwa Kwanar Dawaki, inda a da gero da dawa ke tare wa mutum gani, yau turakun siminti ne a jere da harsashin gini.

Abin da ya fi damunmu shi ne awon igiya. Dillali zai sayi gonar gado a hannun magada masu matsuwa, ya yanka ta ƙanana-ƙanana, ba titi, ba magudanar ruwa, ba filin makaranta ko maƙabarta. Sai a sare gawo da ɗorawar da kakanninmu suka bari, alhali kowane manomi ya san albarkar gindin gawo. Wanda ya sayar kuwa, kuɗin kan ƙare a biki ko babur, ya koma ƙodago a gonar wani. Burtali ma bai tsira ba. In aka toshe wa shanu hanya, cikin amfanin gona za su bi, kuma rigimar gabanka za ta zo.

A daidai wannan lokaci cikin gari sai lalacewa yake. Kangaye sun yawaita, lunguna sun cika da bola, kwatami ya toshe, masu shaguna suna ta komawa bakin titi. Abin takaici ne a bar wurin da ke da masallaci, kasuwa da jama'a, a je ana gini a fadama.

Ba mu ƙin baƙi, ranka ya daɗe, tsari muke nema. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta sa filayen da ba na birni ba a ƙarƙashin kulawar ƙaramar hukuma, don haka akwai hurumin gyara a nan gida.

Muna roƙon ka kira taro da shugaban ƙaramar hukuma, dagatai, masu unguwanni, limamai da ardo-ardo, a zaga da ƙafa a shata fadamu, burtali, wuraren kiwo da kududdufai, a rubuta, a kafa alama, a hana yanka su. Muna roƙon ka umarci masu unguwanni kada su sa hannu a takardar cinikin gonar da za a yanka sai an ga taswirar da hukumar tsara birane ta KNUPDA ta amince da ita. Sai kuma cikin gari: a gyara rumfunan kasuwa, a yashe magudanai kafin damina, a zauna da masu kangaye su gina ko su sayar wa masu neman muhalli. Matasanmu a shirye suke da aikin gayya duk ranar da ka sa.

Allah ya ja zamanin Hakimi, ya ƙara lafiya da nisan kwana.

Mu ne talakawanka,
Wakilan manoma, makiyaya, 'yan kasuwa da matasan ƙasar Dawakin Kudu