Batirin sola: a gwada shi kafin ya bar tashar jirgin ruwa

Malam Edita,

Assalamu alaikum. A ba mu ɗan fili mu yi magana kan batiran ajiye wuta da ake shigo mana da su, yawancinsu daga Sin. Tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023 jama'a suka raja'a kan sola, kuma duhun da Arewa ta sha a Oktoban 2024, lokacin da aka lalata layin Shiroro zuwa Kaduna, ya ƙara ingiza su. Gwamnati ma ta ɗauki alkawarin daina ƙara hayaƙi mai ɗumama duniya nan da 2060. Sai dai kowa farantin sola yake ƙirgawa, alhali faranti ba ya ba da komai bayan magariba. Wutar dare daga batir take fitowa, kuma shi ne ya fi tsada, shi ne ke riga sauran kayan mutuwa.

Ga lissafin. Batirin dalma mai bolt 12 da amfiya 200 yana ɗaukar yunit 2.4, irin yunit ɗin da mita ke ci, amma rabi kawai ya kamata a zuƙa, in ba haka ba ya mutu da wuri. Na litiyom, irin wanda ake kira LFP, mai bolt 51.2 da amfiya 100, yana ɗaukar yunit 5.12, kuma ana iya cin huɗu cikin biyar ba tare da fargaba ba. Asibitin karkara da ke jan kilowat ɗaya na awa 12 yana bukatar yunit 12 kowane dare: na dalma goma ke nan, ko na litiyom uku, sai a ƙara ɗaya saboda abin da inbata (na'urar da ke mayar da wutar batir irin ta gida) ke ci da ranakun hadari a Agusta. Ɗan kwangilar da ya kawo ƙasa da haka, tun ranar yanke ƙyalle ya kashe aikin.

Babban abokin gabar batir a ƙasarmu zafi ne. Shekarun da kamfani ke rubutawa a takarda, a digiri 25 aka auna su. A Sakkwato ko Maiduguri bazara tana haura 40 a inuwa, balle a ɗakin kwano marar taga ko cikin kwantena. Batirin dalma yana rasa kusan rabin rayuwarsa a duk ƙarin digiri goma. Na litiyom ya fi juriya, amma shi ma yana tsufa da sauri, kuma in zafin ya kai wani mataki, allon da ke gadinsa, wato BMS, zai yanke caji. Mai kaya ya ga rana tsaka babu caji, ya ɗora laifin a kan faranti. Magani ba ya da wuya: silin, tagogi biyu masu kallon juna, tazara tsakanin batir da bango, sannan a manyan tashoshi a sa na'urar sanyaya ɗaki a kuma lissafa wutar da za ta ci tun farko.

Sai saitin inbata. Batirin LFP na bolt 51.2 ƙwayoyi 16 ne a jere, kowace ba ta wuce bolt 3.65, jimla 58.4, kuma an fi so a tsaya wajen 56. Inbatoci da yawa suna zuwa da saitin batirin dalma, har da cajin nan mai ƙarfi da ake yi wa na ruwa lokaci-lokaci don daidaita shi. In ba a kashe shi ba, allon zai yi ta yankewa, ƙwayoyin kuma su yi ta wahala. Akwai wayar da ke haɗa allon da inbata don su riƙa magana. Sau da yawa a kwali ake barinta saboda harshen kamfanonin biyu bai zo ɗaya ba. Haɗa sabon batirin dalma da tsoho a layi ɗaya kuwa, tsohon ne zai ja sabon ƙasa.

Abin da ya fi damun mu shi ne kayan da ke shigowa. Ana cusa ƙwayoyin gwanjo ko waɗanda masana'anta ta ware a sabon akwati, a manna takarda mai kyau. Ido ba ya ganewa. A cika batirin, a ɗora masa kaya mai jan kilowat ɗaya, a duba agogo: mai yunit biyar na gaskiya zai kai awa huɗu da wani abu, na bogi ya faɗi a awa biyu ko uku. Wannan gwajin ya kamata hukumar kula da ingancin kayayyaki ta SON ta riƙa yi wa samfuri daga kowace kwantena, ba ta tsaya a takardar shaidar inganci ta SONCAP kaɗai ba. A kuma nemi shaidar IEC 62619, ta amincin batirin litiyom, da ta UN 38.3, ta amincinsa wajen jigila.

Batir yana da wani aikin a babban layin ƙasa, wanda ke yawan durƙushewa idan bugun wutar ya kauce daga sau 50 a daƙiƙa. Bayan da jihar Kudancin Ostareliya ta faɗa duhu gaba ɗaya a 2016, an kafa batirin Tesla mai megawat 100 a Hornsdale a 2017, wanda ke tare irin wannan tangarɗa cikin ƙiftawar ido. Mu ma muna da abin koyi a gida: tashar solar Jami'ar Bayero da aka buɗe a 2019 da rumbun batir aka gina ta. Tunda Dokar Lantarki ta 2023 ta ba jihohi ikon tafiyar da kasuwar wutarsu, gwamnonin Arewa su sa sharuɗɗa uku a kowace kwangila: garanti da aka rubuta da yawan yunit a zafin ƙasarmu, asusun canza batir da za a riƙa zuba masa kuɗi daga wata na farko, da horar da yaran garin kan saiti da gyara.

A ƙara da na huɗu: wanda ya sayar, shi zai karɓi matacce. Yanzu ’yan bola jari ne ke fasa na dalma da gatari, su zubar da ruwan a kwata. Wanda ya tuna yaran da gubar dalma ta kashe a Zamfara a 2010, ko da yake wancan daga haƙar zinare ta fito, ya san abin da ke shiga rijiyar unguwa.

Wassalam.

Wasu masu sana'ar haɗa sola, Kano