Godiya ga masu kula da kwamfutocin ofishinmu

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ni ce mai riƙe da lissafin wani kamfanin sayar da takin zamani da iri a Kano. Na ga ya fi dacewa in yi muku wannan godiya a bainar jama'a, don 'yan kasuwa irinmu su san har yanzu akwai masu wannan sana'a da ke yin ta bisa amana.

Duk lissafinmu a kwamfuta ɗaya yake, wadda ke ƙuryar ofis: bashin dillalai, abin da ya rage a sito, albashin ma'aikata. Da jinyar mahaifiyata ta kai ni Haɗeja, daidai faɗuwar damina, lokacin da manoma ke rububin taki, sai aiki ya tsaya cak. Maigida, wato mai kamfanin, ya kawo shawarar in riƙa karanta wa yaron shago abin da zai danna ta waya. Allah ya sa ya kira ku kafin a kai ga haka.

Abin da kuka haɗa mana, wato hanyar sarrafa kwamfutar ofis daga nesa, ga wanda bai taɓa gani ba, kamar almara yake. Ina zaune a kan tabarma da ƙaramar kwamfutata, sai ga fuskar ta ofis ta bayyana a gabana, har da hoton buhunan da na sa a bangonta. Na motsa linzami a nan, kibiya ta motsa a kan fuskar ta ofis da ke gabana. Na danna a buga rasit, firintar ofis ta fitar, yaron shago ya kira ni yana salati, wai kwamfuta na aiki ita kaɗai. Injiniyanku ya yi mini bayanin cewa takardun ba sa barin ofis, hoton allon ne kawai ke zuwa wurina, abin da na danna kuma ya koma can. Shi ya sa data ba ta tafiya da yawa, ko da sabis ya yi rauni sai dai hoton ya ɗan dusashe.

Amma ba a kan manhajar nake gode muku ba, don kowa na iya sauke ta a intanet. Abubuwan da kuka ƙi yi ne suka sa na ɗauki alƙalami.

Maigida ya so a saka TeamViewer ta kyauta, wata manhajar sarrafa kwamfuta daga nesa, a wuce wurin. Kuka ce masa kamfanin Jamus da ya yi ta ya ware ta kyautar ne don amfanin kai, harkar kasuwanci sai da lasisi, kuma in suka lura ana kasuwanci da ita sukan riƙa katse mutum yana tsakar aiki. Ya tambayi ta cikin Windows, wato Remote Desktop. Kuka duba, kuka ce kwamfutar ofis samfurin Home ce, ba ta karɓar mai shigowa daga waje sai an mayar da ita Pro. Da aka mayar, kuka ƙi buɗe ƙofar da ake bi a shiga kwamfutar daga nesa, mai lamba 3389, kai tsaye ga intanet, domin ɓarayin intanet dare da rana suke laluben irin wannan ƙofa. Sai kuka bi da mu ta VPN, wato keɓantacciyar hanya mai tsaro a intanet, kuka ƙara da wata lambar da ke fitowa a wayata tana sauyawa duk bayan daƙiƙa 30. Maigida ya yi ƙorafin kuɗin, ba zan ɓoye ba, ni ma da na ga takardar sai da na ja numfashi. Ba ku rage aikin don ku rage farashi ba, kuka dai yarda a biya kashi-kashi.

Sai maganar wuta, wadda ita ce ke kashe irin wannan tsari a ƙasar nan. In kwamfutar ofis ta mutu, ba abin da na nesa zai iya. Kuka ɗora ta ita da na'urar intanet a kan inbata, kuka saita ta yadda za ta kunna kanta da zarar wuta ta dawo.

Gargaɗin da kuka yi wa ma'aikata ma ya yi rana. Kun ce duk wanda ya kira ya ce daga banki yake, a sauke AnyDesk, wata manhajar shiga na'ura daga nesa, a karanto masa lambar da ta fito, a kashe wayar. Ba a jima ba aka yi wa direbanmu irin wannan kira, ya ce wa mutumin ya jira ya tambayi injiniya. Bai sake kira ba.

Albashin wancan watan ya fita a kan lokaci, ina gefen gadon Hajiya, wadda yanzu alhamdu lillahi ta samu sauƙi har tana tambayar ko “yaran kwamfutar nan” sun ci abinci. Ta ce in gaishe ku, musamman ƙaramin cikinku da ya amsa kirana bayan sallar isha'i ranar da na manta lambar sirrina, bai nuna gajiya ba.

Allah ya yi wa sana'arku albarka, ya ƙara buɗi, ya saka wa iyayenku da alheri.

Wassalam,
Mai riƙe da lissafi, Kano