Zuwa ga Babana, game da ruwan nan

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa, kowa lafiya, ƙafar mahaifiyarka ma da sauƙi.

Zancen duniya ba ya ɓuya. Ƙanwarka ce ta yi suɓul da baka ranar Juma'a, kuma kada ka kira ta ka yi mata faɗa, ni na matsa mata. Ka ce mana a kan jirgin ruwa za ka zauna, na'ura ce za ta sauka ta ɗebo muku duwatsu da laka kuna kallo a kwamfuta. Ashe ka sa sunanka cikin masu shiga Alvin, ƙaramin jirgin binciken nan mai nutsewa ƙasan teku da mutane a ciki. Ba zan ce ka yi ƙarya ba, amma wanda ya ba uwarsa rabin magana ya san abin da yake yi.

Kwana uku ina karatu a kan abin nan, har gilashina ya gaji. Na ga ƙwallon ƙarfe ne, faɗinsa kamar mita 2, mutum uku a takure, matuƙi da masu bincike biyu, wuni guda a ciki. Na ga tun 1964 yake aiki, ya nutsa fiye da sau 5,000. Na kuma ga a 1968 igiyoyin da ke riƙe da shi sun tsinke ya nutse, mutanen ciki da ƙyar suka fita, sai bayan wata goma aka tsamo shi, aka tarar da abincin da suka bari bai ruɓe ba. Wannan ba ka taɓa faɗa mini ba, kai da ba ka gajiya da labarin tsutsotsinka masu tsawon mita 2, marasa baki marasa hanji, da aka gano a ƙasan teku kusa da tsibiran Galapagos a 1977.

Shekara talatin da ɗaya ina koyar da labarin ƙasa, don haka kada ka yi mini bayanin yara. Na san haske yana dusashewa daga mita 200, ya ɗauke gaba ɗaya kafin mita 1,000. Na san kowace mita 10 tana ƙara wa mutum nauyi kwatankwacin na dukan iskar da ke bisa kanmu. Inda kuke nufi, mita 2,500, lissafa da kanka. Ni na lissafa a bayan takardar kuɗin wuta, na kasa cin tuwo.

Za ka ce Titan, jirgin nan mai nutsewa da ya hallaka mutane, daban ne, ba a tantance shi ba, kuma ba da irin ƙarfen naku aka yi gangar jikinsa ba. Na yarda. Amma ni abin da na riƙe shi ne ranar 18 ga Yuni 2023 mutum biyar suka sauka kallon Titanic, ciki har da uba da ɗansa mai shekara 19, kwana huɗu duniya tana ƙirga iskar da ta rage musu, ashe tun ranar farko ruwa ya murƙushe su. Abin da aka tsamo tarkace ne da ɗan abin da ya saura na jikinsu.

Ba mutuwa nake tsoro ba, Babana. Mutuwa tana kan gado, tana kan hanyar Kwantagora. Rashin gawa nake tsoro. Kana ɗan shekara shida lokacin da ruwa ya ci Baffanka, ba ka tuna kwana ukun da muka yi a bakin ruwa a Yauri masunta suna lalube, har Sarkin Ruwa ya kama hannuna ya ce mu haƙura. Mun yi salla ba makara a gabanmu. Ka dai tuna kakarka ba ta ƙara yarda a sa wa ƙofar zaure sakata ba har ta koma ga Allah. Wannan kake so ka bar wa mahaifiyarka? Don tsutsa? Mutanen da suka ƙera na'urar da ke sauka ba mutum a ciki ba mahaukata ba ne. Me idonka zai gani ta taga mai faɗin faranti da kyamara ba za ta gani ba?

Na san abin da danginmu za su ce, ni na ja. Ni na manna taswirar duniya a bangon ɗakinku, ni na ba ka labarin mutum biyun da suka kai ƙasan ramin Mariana, wuri mafi zurfi a teku, a 1960, kusan mita 11,000, taga ta tsage musu a hanya suka ci gaba. Har tafi na yi a aji. Ni kuma na sayar da filin nan. Ban yi nadama ba, kuma ranar da aka kira sunanka a taron nan na tsaya a masallaci ina nuna wa mutane wayata kamar yaro.

Ban hana ka ba. Da zan hana, da tun ranar da ka ce teku na hana. Amma ka yi istihara, ka tambayi matuƙin sau nawa ya sauka, kuma ka kalli idonsa lokacin da yake amsawa. Ka tambayi malami yadda za ka yi da azahar da la'asar a wurin da ba a iya miƙewa tsaye.

Mahaifiyarka ba ta sani ba tukuna, na ja kunnen ƙanwarka. Ka turo mini rana da lokaci, da agogonmu na nan ba naku ba. Zan yi azumi ranar, in ka fito ka kira layina, ni zan kai mata wayar. Ta ba da yaji da kuka a kawo maka, ka bincika ko sun iso.

Allah ya yi maka albarka, ya tsare.

Mahaifinka