Rahoton Shekarar 2024 Ga 'Yan Ƙungiyar Masu Gyaran Keken Ɗinki

Assalamu alaikum, iyayenmu, iyayen gidanmu da abokan sana'a.

Babban aikin da ƙungiya ta sa a gaba a bana shi ne teburin gyara. Duk wanda ya daɗe a sana'ar nan ya san wahalar gyara a ƙasa: ka durƙusa kan tabarma, ka kifa kan keke a cinya, sukurun allura ya faɗi cikin ƙura ka yi ta lalube. Dattawanmu da yawa da ciwon baya suka tashi daga sana'ar.

Mun sayo katako a 'Yan Katako da ke Na'ibawa a Kano. Teburin farko bai yi ba, kuma laifinmu ne, domin mun yi tsimi muka sa falanki siriri. Ya ɗauki kan keken Butterfly lafiya lau, amma da aka ɗora kan Juki na masana'anta, wanda nauyinsa ya kusa kilo 30, sai tsakiyarsa ta lotsa. A na biyu mai walda ya haɗa ƙafafun ƙarfe, kafinta ya ɗora katako mai kaurin inci biyu, ya huda tsakiya daidai gindin keke. Ramin nan shi ne ran teburin. Kana zaune za ka kwantar da kan baya, ka ga kwarkwaro da ƙugiyar da ke ɗaukar zare, ka juya da hannu ka daidaita haɗuwarta da allura. A nan matsalar tsallake ɗinki take, kuma a da da ka muke yin ta. Ƙarƙashin ramin akwai farantin da ke tare mai da ƙananan sukurori, a gefe kuma an liƙa maganaɗisu. Wani yaron shago ne ya kawo shawarar maganaɗisun, Allah ya yi masa albarka.

An gama teburin kafin a kama azumi ranar 11 ga Maris, lokacin da telolin Fagge ba sa iya jiran keke ya kwana a hannunmu. Fitila mai caji da muka ɗaura masa ta yi rana a ƙarshen Oktoba, da Arewa ta shafe kwanaki ba wuta.

Sauran ayyuka a taƙaice: an ci gaba da taron wata-wata, an kai gaisuwar ta'aziyya da ta suna. Tun da naira ta faɗi a 2023 kayan gyara ke tsada, don haka muka fara haɗa kuɗi muna saro allura da bel tare. Kuɗin wata kuwa ana jan ƙafa, kuma da shi ake waɗannan ayyuka.

Teburin yana shagon ma'aji. Mai son ɗaukar awonsa ya zo da tef ɗinsa. A taro mai zuwa za a tsayar da shagon da za a kai na gaba.

Wassalam,
Sakataren ƙungiya