Waƙar tsuntsuwar nan ta Kaka

Aminina,

Assalamu alaikum. Ina fata kana lafiya, kai da iyali. An kwana biyu ban rubuto ba, ka yafe ni. Wata waƙa ce ta taso ni yau, kuma kai kaɗai ka rage da za ka iya fitar da ni.

Ka tuna waƙar da Kaka take yi mana da dare, ta tsuntsuwar da ta bar 'ya'yanta a sheƙa ta tafi neman ruwa? Wata uku da suka wuce zazzaɓi ya hana 'yar autata barci. Ina riƙe da ita a kafaɗa, ina jin zafin goshinta a wuyana, sai kawai na ji bakina yana rera ta. Baitin farko ya zo daidai, na biyu ya kai rabi ya tsaya cak. Amshin kuwa, wanda mu muke karɓa, ya ɓace mini ɓat.

Na fara da waya. Shazam, manhajar gano waƙa, ba ta yi mini rana ba, don ita sautin da aka riga aka naɗa take kwatantawa da abin da ke rumbunta. Na koma Google, wanda tun 2020 ya ba da damar mutum ya rera karin waƙa da baki a rufe a nemo masa ita. Na rera ya fi sau ashirin, yana ta kawo mini waƙoƙin zamani da ba su haɗa hanya da tamu ba. Ina na'ura za ta san waƙar da ba ta taɓa shiga situdiyo ba?

Daga nan na faɗa rumbunan tsofaffin sautuka, kuma a nan na daɗe. Ashe bayan Edison ya ƙera na'urar naɗar murya a 1877, masu bincike sun yi ta yawo suna ɗaukar waƙoƙin mutanen karkara a kan faifan kaki. Rumbun Balin na Jamus tun 1900 yake tara su. Wani mai bincike, Hugh Tracey, shi ma ya kafa nasa na kiɗan Afirka a 1954, yanzu rumbun yana Jami'ar Rhodes a Afirka ta Kudu. Ban sami tamu ba. Amma akwai wata murya da na kasa wucewa: tsohuwa ce tana waƙa cikin harshen da ba na ji, sautin yana ƙara kamar ruwan sama a kan kwano, ta tsaya ta yi tari, ta ci gaba. Sai da na yi hawaye. Mu da muke da Kaka a gabanmu, ko sau ɗaya ba mu naɗi muryarta ba.

Makon jiya na kira Goggo. Da na rera mata, ta yi shiru har na zaci layin ya katse, sai ta ɗauka da rawar murya, baiti uku a jere. A tata waƙar, maharbi ne ya kori tsuntsuwar, babu zancen ruwa. Na ce ba haka na sani ba. Ta ce ai Kaka ba ta taɓa yin ta iri ɗaya ba, duk yaron da ke kuka sai ta saka sunansa a ciki, ta juya labarin yadda zai yi shiru. Da na tambayi amshi, sai ta ce, "Wannan naku ne, ku yara. Ni ban taɓa karɓa ba."

Kai ne kake fara karɓa, har kana tafa hannu sau biyu kafin ka shiga. Don Allah ka naɗo mini saƙon murya, ko da karin ne kawai babu kalmomi. Kada ka gyara komai, yadda ya zo bakinka. Yarinyar ta warke, kuma kullum sai ta tambaye ni ko tsuntsuwar ta dawo.

Ka gaida maiɗakinka da yara.

Naka har kullum,
Amininka