Amsa Ga Malamin Da Ya Ce A Dawo Da Jangali

Assalamu alaikum, Malam.

A taron jin ra'ayin jama'a kan kasafin kuɗin jiha da aka yi a sakatariyar ƙaramar hukumarmu, ka miƙe ka jefo mini tambaya a gaban kowa. Ka ce tunda na tsufa a sashen kuɗi kafin in yi ritaya, in gaya wa jama'a: idan abin da gwamnati ke son kashewa ya zarce abin da ke shigo mata, me zai hana a dawo da jangali, wato harajin shanu, da harajin kai, tunda shanu da gonaki su ne arzikin Jigawa? La'asar ta kawo jiki, aka tashi ban amsa ba. Ga amsar.

Ban goyi baya ba, ɗana. Ba ka riski zamanin ba, amma dattawan garinku suna nan, ka tambaye su. Harajin kai bai san mai rumbu goma da mai kwano ɗaya ba, kuɗi ɗaya ake yanka musu. Magidanci kan wuni a rana a ƙofar dagaci saboda ya kasa biya, Bafulatani kuma da ya ji ƙishin-ƙishin ƙirga sai ya kora garke ya tsallaka Nijar. Shi ya sa da Abubakar Rimi ya hau mulkin Kano a 1979, lokacin mu ma muna cikinta, ya soke su, har yau talaka na sa masa albarka.

Kuma wa ya ce maka mai shanu ba ya biya yanzu? Je ka kara ranar kasuwa ka tsaya bakin ƙofa. Sa ɗaya, a biya masa kuɗin shiga, a biya na loda shi a mota, motar kuma ta tarar da igiya a hanya kafin ta isa Kano. Na taɓa zuwa bincike wata kasuwar dabbobi, na tarar da mai karɓar kuɗi da littafin rasit biyu a aljihun rigarsa: ɗaya mai hatimin hukuma, ɗaya bugun bayan gari, launinsu ɗaya, takardar ce kawai ta fi laushi. Wanda bai iya karatu ba, na biyun ake yaga masa. Da yamma abin da ya isa baitulmali bai kai kuɗin awakin da na ƙirga da idona ba, balle shanu. Ƙara haraji a kan irin wannan hannu, ƙara wa mai littafi biyu jari ne. Abin yi shi ne kuɗin kasuwa ya faɗa asusun gwamnati kai tsaye ta na'urar POS, a liƙa farashin kowane caji a allo da Hausa da ajami, kowa ya gani.

In ma sabon kuɗi ake nema, akwai inda ba a taɓa ba. Kai malamin makaranta, ana cire maka haraji tun albashi bai shigo wayarka ba. To mai gidajen mai uku fa? Mai filaye a Dutse da Haɗeja da bai taɓa biyan kuɗin ƙasa ba? Dillalin da ke loda tirelolin riɗi da zoɓo zuwa Legas? Can ya kamata a fara, ba kan mai tunkiya biyu ba.

Sai dai gaskiyar da ba a so a faɗa ita ce, ko an tara duk wannan, ba shi ke riƙe da jihar ba. Mafi yawan kuɗinmu kason wata-wata ne daga Abuja. Tun da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu, 2023, kason ya ƙaru sosai a lissafin naira, amma siminti da gas da taki ma sun bi shi, ga mafi ƙarancin albashi ya koma naira 70,000 a 2024. Giɓi yakan fito ne idan aka ɗinka kasafi a kan fatan cewa kason bana zai fi na bara. Saboda haka sai a sa wa kashe kuɗi iyaka, kuma iyakar da nake nufi mai sauƙi ce: majalisar jiha ta yi doka cewa hidimar ofisoshi, tafiye-tafiye, motoci da alawus ɗin masu ba da shawara ba za su ƙaru fiye da yadda kuɗin shiga na cikin gida ya ƙaru ba. Na san halin gwamnatoci, in aka ce a tsuke, maganin asibitin ƙauye da gyaran famfo ake fara yankewa, domin masu su ba sa zuwa gidan gwamnati. Dokar ta hana taɓa waɗannan.

Batun ajiya kuwa, ba sai an koya wa manomi ba. Ba wanda ke buɗe rumbu da kaka, sai damina ta yi tsakiya. A 2015 da 2016 farashin mai ya faɗi, jihohi da dama suka kasa biyan albashi har sai da gwamnatin Buhari ta ba su rancen ceto. A 2020 korona ta sa aka zaftare kasafi. A 2022 ambaliya ta cinye gonaki a ƙasar Haɗeja da Ringim. Irin waɗannan shekaru za su sake zuwa. Duk watan da kason Abuja ya haura abin da aka ƙiyasta, a ware wani yanki na rarar a asusun da gwamna ba zai buɗe ba sai da yardar majalisa, a fili. Kada ka ce ba za mu iya ba. Tsarin fansho na adashen ma'aikata da aka kafa tun zamanin Saminu Turaki ajiya ce, kuma shi ke ciyar da ni yau.

Ina da roƙo, tunda kana da bakin magana a taro. In an sake zama, ka nemi a karanto nawa kasuwarmu ta tara a watanni ukun da suka wuce, da lambar asusun da kuɗin ya shiga. In suka ce takardar ba ta kusa, ka zo gida ka same ni bayan magariba, zan nuna maka sunan fom ɗin da za ka nema da teburin da yake.

Ka gaida mahaifinka.

Naka,
Tsohon ma'aikacin sashen kuɗi