Motar dizal da ta ƙi mutuwa bayan an zare makulli: a duba tiyo kafin a taɓa injekta

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina neman ɗan fili a wannan jarida domin in ja hankalin masu tsofaffin motocin Marsandi na dizal, musamman samfurin W123 irin su 240D da 300D da aka ƙera daga 1976 zuwa tsakiyar shekarun 1980, da kuma kanikawan da ke gyara su. Akwai cutar da ke cinye wa mutane kuɗi a banza. Direba ya murɗa makulli ya zare, inji kuma yana ta aiki abinsa. Da an kai gareji sai a ce famfon injekta ne, wato famfon da ke tura man dizal cikin inji, a kwance shi a kai wa masu saiti, alhali sau da yawa wata 'yar roba ce da ba ta kai tsawon yatsa ba ta tsage.

Injin fetur yana samar da zuƙar iska da kansa, wadda kanikawa ke kira bakyum, saboda murfin totur da ke tare masa hanyar shaƙa. Injin dizal na wancan zamani galibi ba shi da wannan murfi, shi ya sa aka ɗaura masa famfo na musamman mai samar da zuƙar a gaban inji. Daga famfon wani baƙin tiyo mai kauri ya miƙe zuwa bustar birki, wadda ke ƙara wa birki ƙarfi, kuma a jikinsa ƙananan tiyo suka reshe: mai ruwan ƙasa ya tafi wurin makulli domin kashe inji, rawaya ya tafi ƙofofi, kore ya tafi wurin maɓallan iskar cikin mota a motocin da ke da su, wani kuma ya tafi giya idan mai canja kanta ce. Duk daga rijiya ɗaya suke sha. Idan ɗaya ya huje, sauran ma sai su rasa ƙarfi, shi ya sa ƙofar baya da ta lalace take iya hana inji mutuwa.

Kafin komai, mai mota ya san cewa akwai ɗan hannu a kan inji, wajen famfon injekta, da aka rubuta STOP a jikinsa. A buɗe bonet a danna shi, inji zai mutu. Cire kan batir ba ya kashe wannan inji, sai dai ya jawo wa altanato lahani.

Gwaji daga famfon zuƙar iska ake fara shi, kuma da gejin auna zuƙa. A cire ƙananan tiyo daga babban layi, a toshe bakunansu, a ɗaura geji a baki ɗaya, a tada inji. Lafiyayyen famfo yana kai allura inci 20 zuwa 22 cikin 'yan daƙiƙu, wato kusan 0.7 a ma'aunin bar. Idan ta tsaya ƙasa da 15, ko tana hawa da ƙyar, a duba bawul ɗin da ke bakin famfo inda babban tiyo ya shiga, domin yakan toshe da datti ko cikinsa ya farfashe. A duba shi kansa babban tiyon, zafin inji da na ranarmu suna busar da shi har ya tsage ta ƙasa inda ido ba ya gani. Sai waɗannan sun fita lafiya za a zargi famfo. Wanda kuma ya ji famfon yana ƙwanƙwasa kamar ana buga ƙarfe, ya ajiye motar a ranar. Boris ɗin cikinsa idan ya watse, ƙwayoyinsa cikin sarƙar taimin suke zubewa, kuma a nan inji gaba ɗaya ake magana.

Idan famfo ya ba da abin da ake so, sai a riƙa mayar da rassan ɗaya bayan ɗaya ana kallon allura. Reshen da aka jona allura ta faɗi, shi ne mai laifi. Mafi yawan lokuta rawaya ne, saboda kowace ƙofa da but da murfin tanki suna da nasu tantanin roba da ya shekara arba'in yana aiki, kuma tiyonsu ta ƙarƙashin kafet ya bi ya shiga ƙofa ta wurin da ake buɗewa ana rufewa kullum. Wanda ba shi da halin gyara yanzu, ya toshe layin rawaya daga cikin bonet da ƙusa mai santsi ko noti daidai bakin robar, ya riƙa kulle ƙofofi da hannu. Inji zai koma mutuwa da makulli.

Layin kashe inji yana da tasa hanyar. Tiyo mai ruwan ƙasa yana kai zuƙa wurin makulli, wani mai ruwan ƙasa da zanen shuɗi yana dawo da ita zuwa wata 'yar tukunya a bayan famfon injekta. A cire tiyon tukunyar, inji na aiki, a zuƙa da famfon hannu ko babban sirinji. Idan ya mutu nan take kuma zuƙar ta tsaya, tukunya lafiya lau, laifin yana hanya ko wurin makulli. Idan kuwa an ga baƙin mai a cikin tiyon, ko yana ɗiga kan ƙafar direba daga ƙarƙashin sitiyari, tantanin ya yage, sai an sake tukunyar an kuma wanke tiyon. A nan nake roƙon kanikawa su yi hattara. Tukunyar tana da ƙugiya da dole ta kama sandar da ke sarrafa mai a cikin famfon injekta yadda ya kamata. Idan aka ɗaura ta a karkace, inji yana iya tashi da gudun da makulli ba zai tsayar ba. Don haka a cire matatar iska tukuna, wani ya tsaya da faifan katako mai ƙwari a hannu domin rufe bakin shaƙa. Ba a sa tafin hannu, ba a sa tsumma.

Giya mai canja kanta da ta fara dukan mutum a baya duk lokacin da ta canja, ita ma a gwada tiyonta kafin a sauke ta, domin rashin zuƙa ne ke sa ta wannan tsalle.

Birki ne abin da ya fi damuna. A kashe inji, a taka birki sau biyar ko shida har ya yi tauri, a riƙe ƙafa a kai, a tada inji. Ya kamata fedar ta ɗan nutse. Idan ta tsaya kamar dutse, busta ba ta samun zuƙa, kuma wannan mota ba ta ɗaukar fasinja ba ce sai an gyara. Masu Hilux da Hiace na dizal, su ma su yi wannan gwaji. A tsofaffin samfuri da yawa nasu famfon a bayan altanato yake, kuma yana da tiyon baƙin mai da ke buƙatar dubawa.

Wajen sayen kaya, ƙananan tiyon na milimita 4 ne, robobin haɗi kuma bakinsu ya ɗan fi ƙanƙanta domin su kama gam. Kada a karɓi tiyon ruwan wanke gilashi a madadinsu, yana laushi da zafi ya manne. A riƙa sauya ɗaya a gama kafin a cire na biyu, a kuma ɗauki hoton yadda suke da waya tun ba a taɓa komai ba.

Wassalam.

Daga wani mai gyaran motocin dizal,
Kano